Faretin Waya

Dinah ta kife mudun wake a kan buhu, ta manna waya a kunne, ta sake sauraren saƙon mijinta ko za ta ji ya yi laushi. Bai yi ba. Muryar Saje Philip ta fito daram kamar yana tsakiyar filin fareti: "Gobe da safe ki sa shi mota zuwa Danko. Na yi magana da yayana Ebenezer, zai riƙe shi. Makaranta ta jira. Na gama magana."

Wanda za a sa a motar kuwa ɗansu ne na fari, Justice, mai shekara goma sha huɗu. Jiya ya ɗauki mashin ɗin maƙwabcinsu Chukwudi, mai sayar da kayan gyaran babura, ba tare da ya tambaya ba, ya je ya auka da shi cikin kwata. Allah ya taƙaita, gwiwa kawai ya kurje, mashin kuma madubi ya rasa. Chukwudi ma daga baya dariya ya yi ta yi. Amma Dinah ba ta jira dariyar ba. Tun jinin gwiwar bai bushe ba ta danna waya ta zazzage wa mijinta labari, har da ɗan ƙarin gishiri, kamar yadda ta saba. To ga amsa ta dawo, ta fi ƙarfin abin da ta aika.

Ta san Ebenezer sarai. Tsohon soja ne da ya yi ritaya amma har yau bai yarda ya yi ba. 'Ya'yan cikinsa duk sun gudu daga gidan tun gemu bai fito musu ba. In Justice ya shiga hannunsa, makaranta ta ƙare ke nan, kuma yaron da zai dawo mata wata rana ba wannan ba ne. Tsoro ya kama ta sosai, sai dai Dinah ba irin matan da tsoro ke zaunarwa ba ce. Ta roƙi mai rumfar kusa da ita ta sa mata ido a kaya, ta ratsa layin masu doya zuwa bayan kasuwa, gindin dogon yaro, inda sabis ya fi kamawa.

Bara ne, a taron zumuntar mata na cocinsu, aka zo neman matan sojoji masu son shiga wani shiri na taimaka wa iyaye ta waya. Dinah ta shiga ne don ta ga kowa ya shiga. Aka zuba su a zauren Wasap, aka haɗa su da wata jami'a, Malama Hafsat, wadda ke zaune can Birnin Kebbi. Ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Dinah dai ta san fuskarta a bidiyo daga goshi zuwa haɓa, da koren labulen ofishinta. Ita kuwa Malama ta san duk abin da ke dahuwa a gidan Dinah. Saƙon murya suke yi, don Dinah ta ce yatsunta na awo ne, ba na rubutu ba. In abu ya yi zafi kuma, sai a kira.

"Maman Justice, mi ya faru?" in ji Malama Hafsat da ta ɗauka. "Na ji muryarki ba daidai ba."

Dinah ta kwashe komai ta faɗa mata, ba ta rage ko gishirin da ta ƙara ba. Malama ta bar ta ta kai ƙarshe, wannan halinta ne, har wani lokaci mutum ya zaci sabis ne ya ɗauke.

"Bari in tambaye ki abu guda. In wayar babanshi ta shigo, ina yaron ke zuwa?"

Duk da halin da take ciki, sai da dariya ta kufce wa Dinah. "Bayi, Malama. Wayar na ƙara, cikinsa zai murɗa. Sai na je na bubbuga ƙofa."

"To in ya fito, mi suke cewa da juna?"

Shekaru ke nan Philip yana can arewa maso gabas, hutu sai a daɗe ba a gani ba. Kuma a gidajen sojoji irin nasu akwai yadda ake yi, ba ita ta ƙirƙiro ba. A jingina waya da fulas a kan tebur, yara su jeru, uwa ta ba da rahoto, uba ya yanke hukunci daga inda yake. Justice ya tsaya ƙiƙam hannu a baya, ƙanwarsa Hannah a gefensa. "Eh sah." "A'a sah." Iyakar abin da ke fita bakinsa ke nan. Dinah har alfahari take yi da wannan tsari a gaban matan zumunta, tana cewa gidanta ba a san maigida ba ya nan ba.

"Ba laifi nike ɗora miki ba," in ji Malama Hafsat. "Ke kaɗai kike ɗauke da gida, na sani. Amma duba. Saje bai san ɗanshi ba sai ta bakinki, ke kuma ba ki kai mishi labari sai ranar da ranki ya ɓaci. Yaron da zai aika Danko, yaron rahoto ne. Wancan da kinka ce yana goya ƙanwarshi zuwa makaranta in an yi ruwa, bai san da shi ba."

Maganar ta yi wa Dinah zafi, don gaskiya ce. Ta goge fuska da bakin zane. "To ki kira shi ki hana shi."

"Ni ban da ikon soke odar Saje, kuma ko ina da shi ba zan yi ba. Abin da zan iya, in shi ya yarda, mu haɗu a bidiyo mu duka. In bai yarda ba, ba a yi."

"Cewa zai yi wata mata a Birnin Kebbi za ta koya masa riƙon ɗansa." Dinah ta ɗan yi tunani, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Bar ni da shi, Malama. Mutumin da ya yi shekaru yana golmo, yana nome gonar babana kafin a ba shi ni, ai na san inda ake kama shi."

A tsaye a gindin itacen ta aika masa saƙo, da murya mai ladabi kamar ba ita ba. "Baban Justice, na ji oda, kuma ban ƙi ba. Amma kai da bakinka ka gaya mini ko a bariki ba a hukunta kurtu sai an tsayar da shi gaban ofisa an tambaye shi ko yana da magana. Ɗanka bai kai kurtu ba ne? Ka kira da la'asar. Malamar shirinmu za ta zauna a matsayin shaida."

Kafin ta isa rumfa amsa ta shigo. "Na ji." Ta yi murmushi, ta auna wa wata tsohuwa wake har da gyara mai yawa.

Da la'asar ta tarar da Justice zaune a ɗaki, gwiwa shafe da shuɗin magani, ya haɗa fuska. Ya riga ya ji labarin Danko, don a unguwarsu magana ba ta kwana. Ta tura Hannah gidan maƙwabta, ta jingina waya da fulas. Wayar na fara ƙara yaron ya miƙe, hannu a ciki.

"Dawo," in ji Dinah. "Yau cikinka zai haƙura."

Fuskar wayar ta rabu gida uku. Ga Malama Hafsat da koren labulenta, ga Philip cikin kaki a inuwar wata rumfar tamfol, ya rame, ya yi baƙi. Justice ya ƙame, hannu a baya.

"Yallaɓai, sannu da aiki. Allah shi tsare ku," in ji Malama.

"Amin, Madam. Ba ni da lokaci da yawa." Ya juyo da ido kan ɗansa. "Kai. Ka san abin da ka yi?"

"Eh sah."

"Kana da magana?"

"A'a sah."

"To kin ji, Madam. Ba shi da magana."

Dabarar Dinah ta kawo su bakin ƙofa ta tsaya cik. Ta yi wa yaron ido, ta yi masa baki, ko gezau. Ina zai samo magana, shi da aka koya wa kalmomi biyu kacal?

"Na ji, Yallaɓai," in ji Malama Hafsat, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Alfarma guda nike roƙo. Shi zauna, shi riƙe wayar da hannunshi. Ni in fita, mamanshi ma ta fita. Ku bar zancen mashin. In kunka gama, abin da ka yanke shi ke nan, ba mai ƙara cewa komai."

Philip ya yamutsa fuska. "In ba zancen mashin ba, zancen me za mu yi?"

Ba da gatse ya yi tambayar ba. Da gaske bai sani ba, kuma Dinah ta ji tausayinsa ya kama ta fiye da na yaron.

"Ban sani ba, Yallaɓai. Ɗanka ne." Malama ta yi sallama, hotonta ya ɓace.

Fita daga ɗakin nan ya fi wa Dinah wuya a kan duk abin da ta yi ranar. Tun da Philip ya tafi, ba a taɓa yin waya a gidan babu ita a tsakiya ba. Ta zauna bakin murhu ta ɗora ruwan tuwo, kunnenta na kan taga. Shiru. Ruwa ya yi zafi, shiru. Ta miƙe za ta leƙa, ta tuna ita ta ce a bar ta da shi, ta koma ta zauna a kan kujerar tsuguno tana jin haushin uban da ɗan gaba ɗaya. Maza biyu, ga waya, ga baki, an rasa mai buɗewa.

Can sai ta ji Philip ya yi gyaran murya. Ba Hausar bariki ya yi ba. Da C'lela, yaren gida, ya tambaya ko ruwa ya sauka sosai a Zuru bana, ko duwatsu sun yi kore. Yaron ya amsa a gajarce. Uban ya sake tambayar wani abu, amsar ta ɗan fi ta farko tsawo. Dinah ta yi talge, ta rufe tukunya. Ba a jima ba ta jiyo Philip, sojan da ba ya karya doka, yana tambaya mashin na kan giya ta nawa aka shiga kwanar da har aka ƙare a kwata. Justice ya shiga bayani tiryan-tiryan, yana kare kansa, yana ɗora wa birki laifi. Sai ga dariyar Philip, wadda ta daɗe ba ta ji ba, tana fitowa daga 'yar wayar nan a shaƙe. Dinah ta tuƙa tuwonta da ƙarfi, hayaƙi na shiga mata ido, ba ta kawar da kai ba.

Tana kwashewa Justice ya fito, idanunsa sun yi ja, ya miƙa mata wayar. "Yana kiranki."

Philip bai dubi wayar kai tsaye ba. Yana ta murza hularsa a hannu.

"Dinah," ya ce. Ya daɗe bai kira ta da sunanta ba. "Yaushe muryar yaron nan ta buɗe?"

"Tun daminar bara."

Ya tsaya da murza hular. "Ba wanda ya gaya mini."

"Ai ba laifi ba ne," in ji ta a hankali. "Shi ya sa bai shiga rahoto ba."

Ya kaɗa kai, ya ci gaba da murza hula. Daga bayansa ana jin wata mota tana tashi, wani yana kiran sunan wani. Da ya sake magana, ya yi ƙoƙarin maido da muryar fareti, amma ba ta zauna daidai ba.

"Zai je ya ba Chukwudi haƙuri da bakinsa. Ranakun Asabar kuma ya riƙa taya shi aiki a shago, tunda mashin yake so, ya koyi yadda ake kwance shi."

"Danko fa?"

"Zan kira Ebenezer." Ya ɗago ya dube ta. "Mayar masa da wayar, bai gama ba ni labari ba."

Dinah ta buɗe baki, don tana da abin faɗa da yawa, kamar kullum. Sai ta rufe. Ta miƙa wa Justice wayar. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗingisa ya koma ɗaki, ya tura ƙofar a hankali har ta rufu. Ta tsaya a tsakar gida da marar kwasar tuwo a hannu, ba mai neman bakinta. Abin ya ɗan sosa mata rai, ya kuma yi mata daɗi ƙwarai. Ta rufe masa tuwonsa a kwano, ta ajiye kusa da murhu kada ya huce.