Lambar da Ke Cikin Hular Baba

Duk ɗalibin da ya shigo Turkiyya da wayarsa daga gida ya san lissafin: kwana ɗari da ashirin gare shi, ko ya yi mata rajista da fasfonsa, ko ya wayi gari ta zama madubin duba fuska. Jeneba Sisoko, 'yar Mali mai karatun haɗa magunguna a Konya, ba ta cikin masu sakaci. Tun saura kwana tara ta biya, ta cike komai, ta dawo tana yi wa 'yan ɗakinsu wa'azi a kan jinkiri.

Ba a yi nisa ba wayar ta yi ɗif, ranar wata Talata. Ta kashe, ta kunna, ta cire layin ta hura masa iska, har ta goga shi a gyalenta. Shiru.

Sai shagon Kawu Dursun, dattijon da ya gyara wayar rabin ɗaliban garin. Shi kuwa ko gobara ta tashi sai ya ba ka shayi tukuna. Ya tura mata ɗan ƙaramin kofi, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya yi 'yan danne-danne a wayar.

"'Yata, wayar taki ce, hukuma ta shaida. Layin fa, na wane ne?"

"Nawa ne mana, Kawu. Wata huɗu ina amfani da shi."

"Ni dai sunan wata Meerim nake gani. Waya in an yi mata rajista, ba ta karɓar layin da ba na mai ita ba. Kin ɗaura mata aure ne, yanzu ta daina kula baƙi."

Sai Jeneba ta tuna. Gaskiya ne. Satin da ta iso ba ta da katin zama, sai Meerim, 'yar Kirgistan da suke ɗaki ɗaya a lokacin, ta sayo mata layi da sunanta. Haka kowa ke yi, kuma haka kowa ke mantawa.

"Abu mai sauƙi," in ji Kawu Dursun. "In buɗe miki sabo yanzu. Ko kuwa ku zo tare ta sa hannu, layin ya dawo sunanki."

Sabo? Ai nan gizo ke saƙar, ita kam ba ta isa ta canza lamba ba. Babanta manomi ne a wani ƙauye bayan garin Kita, ba shi da waya, ba ya karatu. Lambarta na kan wata takarda da ya naɗe cikin hularsa. Duk Alhamis, ranar kasuwa, sai ya tare duk wanda ya gani da waya, ya miƙa takardar a danna masa. Yau mai goro, wani satin direba, don haka babu lambar da za ta kira ta sanar da shi. Kuma da wannan sharaɗin ya bar ta ta taho, bayan 'yan'uwansa sun yi ta cewa 'yar da ta ƙetare teku ta ɓata. In ya kira ya ji shiru, ta san yadda zai koma gida. Jibi ce Alhamis.

Matsalar ita ce wata guda ke nan Meerim ba ta ko amsa gaisuwarta. Jeneba ce ta tashi share ɗaki wata rana, ta tarar da jakar ƙyalle cike da wasu fararen dunƙule masu tauri da warin tsami, ta ce wannan ai ruɓa ya yi, ta zuba a shara. Ashe busasshen cuku ne na ƙasarsu. Meerim ta kwashe kayanta ta koma hawa na uku. Jeneba kuwa ta riƙe cewa fushi a kan cuku rashin aikin yi ne, ta ƙi ba da haƙuri.

Ranar Laraba girman kai ya sauka. Ta sayi gurasa mai riɗi guda biyu, ta hau bene tana haki, ta ƙwanƙwasa.

"Meerim, na yi laifi. Kuma ba zan ɓoye miki ba, buƙata ce ta kawo ni."

"Ai na sani. Da ƙafarki ba ta san hanyar nan ba."

Jeneba ta zayyana mata komai, har da hular. Meerim ta saurara tana gutsurar gurasar, sannan ta ɗauki rigar sanyinta ba tare da ta kalle ta ba. A shago ta sa hannu. Kawu Dursun ya ba su shayi, ya ce sai dai canjin suna zai iya kai Juma'a kafin ya kama.

"Juma'a, Kawu? Ai gobe ne zai kira."

Meerim ta miƙa hannu. "Kawo layin. Har yanzu sunana ne a kansa, tawa wayar za ta karɓe shi."

Ranar Alhamis suka ƙi shiga aji, suka zauna a bakin gado da wayar a tsakaninsu. Azahar ta wuce, shayi ya huce. Don ta kori shirun, Jeneba ta ce in an yi hutu za ta roƙi wani ya kawo mata cukun, buhu guda ma.

"Ba za a samu ba," in ji Meerim. "Kakata ce ta yi shi. Ta rasu sati biyu bayan na dawo daga hutu. Ta kira ni ana gobe za ta rasu, ina cikin aji ban ɗauka ba. Ɗaya-ɗaya nake ci don kada ya ƙare."

Kunya da baƙin ciki suka rufe Jeneba. Sai wayar ta ɗauki ƙara, baƙuwar lamba daga Mali. Meerim ce ta dangwara mata ita a kunne.

"Ɗauki mana, kada ya yanke."

Ga hayaniyar kasuwa, ga kukan awaki, ga muryar tsohon yana ɗaga ta kamar yana kiran wani a hayin gona.

"Jeneba? Ke ce? Yau kin daɗe ba ki ɗauka ba. Wace ce nake jin tana kuka kusa da ke?"

"'Yar'uwata ce, Baba. Ita ce mai layin."

"To ba ta mu gaisa."

Meerim ba ta jin ko kalma ɗaya ta Bambara. Ta karɓa da hannu biyu, tsohon yana ta sa mata albarka, ita kuma tana ta amsawa da amin.