Kiwon Ƙari

Memuna ta sake miƙa cokali, mijinta Mamuda ya sake kau da kai. Kwana goma sha tara ke nan bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa. Tun ranar da aka ce masa ƙarin da ke ƙarƙashin harshensa ciwon daji ne, ya yanke shawara shi kaɗai: abin nan daga abincinsa yake ci, to da yunwa zai kashe shi.

Daga Jugu suka zo asibitin Paraku a bayan kamiyo, babbar motar kaya, don likita ya sa hannu a takardar tafiya Dakar, inda ake gasa irin wannan ciwo da hasken inji. A Dahome babu injin.

Likita ya ja fatar idon Mamuda ya duba, sai ya ajiye alƙalami. Ya yi ta zuba Faransanci, Usuman malamin asibiti yana juyawa.

"Ya ce ba zai sa hannu ba, Baba. Babu jini a jikinka."

Maganar Mamuda ta fito da ƙyar. "Da gangan ne. Abin ya rame?"

"Kai ka rame, Baba. Shi yana nan daram. Hasken nan ba ya kama ƙarin da jini bai ratsa ba, taurin kai yake yi masa. Sai jini ya kai masa iska sannan yake jin wuta."

"Wato in ciyar da shi."

"Haka ne. Mako uku ya ba ka. In jini bai hau ba, wani za a tura."

"Ka dai ji, Malam," in ji Memuna. "Da na faɗa, cewa ka yi maganar mata ce."

Suka koma baranda, Mamuda ya zauna a tabarma ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Kwanakin nan duka, shi a ganinsa yaƙi yake yi.

Can ya buɗe baki iyakar yadda yake buɗuwa, faɗin yatsa biyu. Memuna ta zuba masa romon hanta. Da romon ya taɓa wurin, sai hawaye suka zubo masa. Ta yi sauri za ta janye kwanon, ya riƙe mata hannu.

"Ƙaro," ya ce. "Ba ni ke ci ba. Bar shi ya ƙoshi."