Gawo Talatin da Ɗaya

Takardar ta ce itatuwan gonar Maigandi matattu ne. Gawo talatin da ɗaya, duka matattu. In yana son shiga cikin manoman da gwamnati ke biya don kiwon itace, sai ya sare su ya dasa itacen turaren da ake rabawa a leda.

Ɗansa Sirajo, mai tuƙa keke napep a Gidan Igwai, shi ya karanta masa. Ashe har Sirajo ya gama magana da masu gawayi. Ran Asabar za su shiga da gatari.

 Ranar Laraba Maigandi ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shigo Sakkwato, ya ce Sirajo ya kai shi inda aka rubuta takardar.

Ofishin yana Gawon Nama. Tsohon ya ji sunan unguwar, ya yi tsaki.

Jami'in da suka tarar saurayi ne, Gazali sunansa, takalminsa na ƙyalli, ga sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Ya juyo da kwamfuta ya nuna hoto.

"Baba, ga shi. Ni na ɗauka da hannuna. Ko ganye ɗaya babu."

Maigandi ya duba. Itatuwansa ne, tsirara, rassa a sama. A ƙarƙashinsu gero ya yi baƙi ƙirin don ƙoshi, ya fi mutum tsawo.

"Wane wata kaz zo?"

"Agusta. Tsakiyar damina ma. Itacen da bai yi ganye da damina ba, yaushe zai yi?"

"Da rani."

Gazali ya yi dariya, ya dubi Sirajo. Sirajo ya dubi ƙasa.

"Samari," in ji Maigandi, "gawo shi ka zub da ganye in ruwa ya sauka, don hatsi ya sha rana ya ci taki. In an yi girbi ya tufanta, bisashe su samu inuwa. Ubana ya bar su sa'ad da yake sassabe. Ba wanda ab biya shi. Dubi hatsin ga na gindinsu. Mataccen icce ka yin haka?"

Gazali ya ƙura wa geron ido. Sai ya sosa ƙeya.

"To, ko da haka ne, Baba, an riga an tura sama. Ba a gyarawa. Ka sare, ka dasa, mu ɗauki sabon hoto. Maƙwabtanka duk sun yi."

Maigandi ya san sun yi. Ya ga gonar Muntari, fili fetal, turare a jere kamar tsinken tsire, awaki sun cinye rabi.

"Akwai takardar fita?"

"Fita?"

"A cire sunana."

Sai da Gazali ya buɗe durowa uku kafin ya samo ta, don ba a taɓa nema ba. Maigandi ya dangwala yatsa, ya danna har takardar ta kusa hujewa. Sannan ya zaro 'ya'yan gawo guda daga aljihu, busasshe, murɗaɗɗe, ya ajiye kan tebur.

"Ka kai ma akuya. Ta gaya maka sunanai."

A waje Sirajo ya fara ƙunƙuni. "Baba, shekara biyar fa za a yi ana biya."

"Kira masu gawayi."

"In ce musu me?"

"Ka ce maigonar bai mutu ba, iccen ma haka."

Sirajo ya tsaya da waya a hannu. Tsohon bai motsa ba, bai kau da ido ba, har sai da ya ji an ɗauka, an faɗa, an kashe. Sannan ya tattare rigarsa ya shiga keken.

"Tasha," ya ce.