Makullin Kaka da Sigarin Mai Walda

"Ajiye naka, in ajiye nawa," in ji Kaka, ya ɗora makullin motarsa a kan bencin shago.

Mai Walda ya kashe inji, ya ɗaga gilashin fuska. Kakan matarsa ne, tsohon direban da 'ya'yansa suka gaji da roƙon ya bar tuƙi, yana cewa sai dai a ɗauko gawarsa daga kan sitiyari.

"Me zan ajiye, Kaka?"

"Usur ɗin nan da kake zuƙa, mai ƙanshin alawa. Ka ƙwace min mata, shekara da shekaru ko ɗan da zai ja min gemu babu."

Wasan kaka ne, amma ya taɓa inda ke ciwo. Sigarin lantarkin nan matar ce ta saya masa da hannunta don ya rabu da taba, su biyun suna ganin tururi ne kawai. Taba kara ɗaya yakan sha a waje ya dawo. Wannan kuwa ba ya wari, ba ya ƙarewa, har kan gado yake bin sa. Fitsari ya matsa masa, kafin ya haɗa ƙofa ɗaya ya gaji da zagawa bayan shago, ga zafi-zafi. Shimfiɗa ma ta yi sanyi. Dangi kuwa matar suke harara, ita ke ta shan magani.

Da suka je asibiti, likita ta ce matar lafiyarta ƙalau, ƙwayoyin maniyyinsa ne suka yi kaɗan, ba su da kuzari. "Ba zan rantse sigarin ne kaɗai ba," ta ce, "amma nikotin ɗin cikinsa yana matse jijiyoyin jini, yana tsokanar mafitsara. Fara da abin da ke hannunka."

Ya ce to, ya fito bakin ƙofa ya zuƙa. Matar ta gani, sai ta kai wa kakanta ziyara.

Ga shi yau tsoho yana cewa, "Ranar da ka koma, na koma titi. Wanda na kaɗe, alhakinsa na wuyanka."

Mai Walda ya zare batirin, ya jefa sigarin da makullin cikin wani akwatin ƙarfe, ya liƙe murfin da walda.

Makonnin farko ya yi faɗa da ƙarfe, ya yi da masu kawo aiki. In ya kai hannu ga injin yanka zai buɗe akwatin, sai ga Kaka ya iso a ƙasa, yana haki, ya zauna daram a kan akwatin. Kunya ta hana shi. Fitsari ya fara daidaita, daga baya gwaji ya nuna sauƙi. Ba a rufa shekara biyu ba matar ta haifi 'ya mace.

Mai Walda ya yanke akwatin, ya je gidan Kaka ya durƙusa da makulli a hannu. "Kaka, ka bar abin da ka fi so saboda ni. Ban san bakin godiya ba."

Kakar matar ta leƙo daga ɗaki. "Wane abu ya bari? Motar da injinta ya buga tun kafin ya zo wurinka? Likitan ido ma ya riga ya hana shi tuƙi."

Tsoho bai ko ɗago ba, jaririya ta riƙe masa gemu. "Ciniki ne," ya ce. "Ka tambaya?"

Mai Walda ya yi dariya har da ƙwalla, ya sake godiya. Shi ya samu lafiya da 'ya, matar ta huta da harara, Kaka ya sayar da mushen mota ya karɓi sabuwar amarya mai jan gemu. Wanda ya yi asara mai sayar da ruwan sigari ne, har yau yana gaishe da Mai Walda da fatan ya dawo.