Zuciyar Goggo Bakhita

Dakta Lauratu ta gaji da halin ɗalibanta masu koyon likitanci a Omdurman. Kafin kowace jarrabawa sai su bi marasa lafiya da shayi da daɗin baki, har a tsegunta musu cutar da aka gano. Ranar gwaji su ɗora abin sauraro a ƙirji don ganin ido, su zazzago amsa.

Sai ta tafi unguwar Umbadda ta ɗauko goggonta Bakhita, tsohuwar da ko mura ba ta cika yi ba, ta kwantar da ita a gadon jarrabawa. Duk wanda ya sunkuyo, tsohuwa ta raɗa masa, "Ɗana, an ce zuciyata ce ke yoyo."

Ɗaya bayan ɗaya suka ce sun ji yoyon. Wani har da kwaikwayon ƙarar da bakinsa.

Da aka zo kan wani ɗalibi mai suna Ashafa, ya daɗe yana saurare.

"Dakta, ta ce mini zuciyarta na yoyo, amma ni ban ji komai ba. Ko da zan faɗi, ba zan ce na ji ba."

Lauratu ta tara sauran. "Lafiyarta ƙalau. Ku sake yin layi ku ji yadda lafiyayyar zuciya ke bugawa. Daga nan za mu fara."

Suka yi layi, kai a sunkuye. Da suka gama, Goggo Bakhita ta tashi tana gyara mayafi, ta nuna Ashafa.

"Lauratu, ranar da na kwanta da gaske, wannan za ki kira mini."