Makullin Ɗakin Haihuwa

Alhamis ce, ranar awon ciki. Tun da sassafe mata suka jera katunansu a bakin ƙofa, kowacce ta danne nata da dutse. A ɗan asibitin nan na wani ƙauye bayan Birchi, Sakinatu kaɗai ce ungozoma mai takarda. Ita ke awo, ita ke karɓar haihuwa, shekara tara ke nan.

Tana cikin aiki sai ga Malam Mamuda daga ofishin lafiya. Ya kafe babur, ya miƙa mata takarda, baki har kunne.

"Malama Sakinatu, goron albishir! An maida ke birni. Ma'aikata sun yi ƙaranci can, duk sun gudu ƙasashen waje."

Ta karanta a tsaye. Su manya sun ɗauka duk ma'aikacin ƙauye da addu'ar birni yake kwana, shi ya sa ba wanda ya tambaye ta.

"To Malam, wa aka turo a madadina?"

"Ana kan dubawa."

Dada Rabi, tsohuwar da ta rako jikarta Rahmatu mai cikin fari, ta leƙo ta taga. "Ɗan nan, a birni kaɗai ake haihuwa? Mu nan ƙwai muke yi?"

Mata suka kwashe da dariya. Mamuda ya tsuke fuska, ya dubi Sakinatu.

"Ki sa hannu, ki ba ni makullin ɗakin haihuwa. Umarni ne daga sama."

"Ƙa'idarku ce ta ce kada in bar wuri sai na danƙa makulli hannun wadda ta gaje ni. Ka taɓa yanke cibiya?"

"Ni? Subhanallahi!"

"To ba naka ba ne."

"Malama, takardar tuhuma za ki sha. Aikin ma kina iya rasa shi."

Da aikin nan take riƙe da marayu uku. Amma ta san yadda hanyar zuwa babban asibiti a Kurfi take da damina, ta kuma ga abin da babur ke yi wa mace mai naƙuda. Ta juya takardar, ta rubuta a baya: "Zan tafi ranar da wata ta iso." Ta sa hannu ta miƙa masa.

"Ga shi, a gaida manya."

Ta wanke hannu, ta ɗaga labule.

"Rahmatu, hau gado. Kumburin ƙafar nan taki bai yi mini ba. Litinin ki dawo, ina nan."