Furannin da Suka Ƙi Mutuwa

Kafin ƙarshen Mayu duk furannin lambun sun ƙone, ban da na layin Laouali. Daga ƙofar shiga har ɗakin gilashi ba ka ganin komai sai karmami da motocin kwasar shara, amma can gefen dabinai ja da ruwan ɗorawa na ta sheƙi, kamar ranar Riyad ba da su take ba.

Shi ya jawo. Tun Afrilu, da iska ta soma zafi, ya yi musu abin da ake yi wa gero a faƙon Maradi: ya tona gurbi a gindin kowane, ya zuba taki, ya lulluɓe da busasshen ganyen dabino. Ba wanda ya sa shi. Hannun manomi ba ya shawara da mai shi.

Mudir, shugaban masu aikin lambun, ya riga ya yi wa Laouali alkawari cewa ran da aka tumɓuke furen ƙarshe zai sa hannu a takardar fitarsa. Laouali kuwa na buƙatar takardar nan kafin damina. Saƙon ƙanwarsa Haoua na cikin wayarsa, ya saurare shi har ya haddace:

"Yaya, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Baffa ya ce damina uku ke nan gonar Baba na kwance. In ruwan shuka ya sauka ba ka nan, ɗansa Mamane zai ba. Ka kuwa san wanda ya shuka ba a tada shi."

Da hantsi Mudir ya iso a ƙaramar motar zagaya lambu, yana ɗaukar hoto tun bai sauko ba.

"Masha Allah, ya Laouali! Manyan baƙi na tafe, nan za mu kawo su. Layinka zai ƙara wata guda."

"Takardata fa, Mudir?"

"Ba'adain, ba'adain, sai nan gaba. In ka tafi wa zai kula da su?"

Motar na juyawa Isiyaku, mutumin Damagaram mai layin kusa, ya jingina da shebur yana dariya har da tari.

"Kai Bakatsinen Maradi, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa! Nawa sun mutu cikin mutunci tun mako biyu, jibi ina cikin jirgi."

"Bar ni, Isiyaku."

"Ga famfonka can. Ka manta da shi kwana biyu, rana ta gama maka aikin. Wa zai kai rana ƙara?"

"Abu mai rai ne fa."

"Gonar tsohonka kuma dutse ce?"

Washegari Laouali ya murɗe famfon ya rufe, ya ɗora buhu a kansa. Yini guda yana sharar hanya, bai yarda ya dubi layin ba. Ya ji kamar ya ɗaure akuya a rana ya shige ɗaki.

Kwana ɗaya, ba su ko ranƙwafa ba. Kwana biyu, wasu 'yan toho suka buɗe. A rana ta huɗu ya durƙusa, ya ɗage ganyen dabinon, ya cusa yatsa a gurbi. Ƙasar na da sanyi da danshi. Aikin ya yi shi da kyau ƙwarai.

Yana nan durƙushe wayar ta yi ƙara. Muryar Haoua ce, a bayanta ana jin hayaniyar mutane da kukan jaki.

"Yaya, an yi ruwa jiya, mai yawa. Kowa ya fita da sungumi. Mamane ma ya fita."

Ya saurara sau ɗaya, ya mayar da wayar aljihu. Wasu mata biyu cikin abaya suka tsaya daga bayansa, ɗaya ta yi masa alama da hannu ya ɗan matsa, yana tare musu hoto.

Ya matsa. Ya je ya ɗauke buhun, ya buɗe famfon.